Mafakar da Za Ka Iya Ɗauka Ka Gudu da Ita



Yau zancenmu a kan makwanci ne. Ba gado da katifa nake nufi ba, ina nufin inda mutum zai sa haƙarƙarinsa a daren da ɗakinsa ya gagare shi shiga. Allah Ya kiyashe mu da irin wannan dare, amma ai mun ga waɗanda ya riska. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri cikin dare, kafin rana ta take a ranar 10 ga wata Gwange da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehu duk suna cikin ruwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito daga su sai kayan jikinsu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da gwamnati ta riga ta rufe, dole aka sake buɗe shi, wasu suka cika makarantu, wasu kuwa bakin titi suka kwana. Ba a yi shekara ba, ranar 29 ga Mayu 2025, ruwa ya auka wa Mokwa da asuba, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ya kashe fiye da mutum 150. A Nijar ma daminar 2024 ba ta yi wa kowa da sauƙi ba, har tsohon masallacin Zinder sai da ya faɗi.

Tun daga nan aka fara jin mutane suna maganar jakar ko-ta-kwana, wato ɗan kayan da mutum zai haɗa ya ajiye kusa da ƙofa, in ta ɓaci ya sura ya fita. Shawara ce mai kyau. Sai dai in ka tambayi masu haɗa ta abin da suka sa a ciki, za ka ji tocila, cajar waya, garin kwaki, maganin zazzaɓi, takardun makaranta da na fili. Da wuya ka ji wanda ya ambaci abin da zai rufe kansa da iyalinsa. Alhali mutum lafiyayye yana iya yin kwana biyu bai ci komai ba kuma bai mutu ba, amma jaririn da tufafinsa suka jiƙe, iska tana kaɗa shi daga isha'i zuwa asuba, ba lalle ne ya ga safiya da lafiya ba. Zafin jikin ɗan'adam wajen digiri 37 ne. In ya sauko ƙasa da 35, likitoci sun ce an shiga haɗari. Kada wani ya ce ai wannan sai ƙasashen ƙanƙara. Ruwa da iska in suka haɗu a kan jikin tsoho ko ƙaramin yaro, a watan Agusta ma suna yin wannan aika-aika.

To, me za a saya?

Da yawa abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne tanti, irin ɗan ƙaramin nan mai kamar kifaffiyar ƙwarya da ake gani a hotunan intanet, an kafa shi a kan ciyawa kore shar, Bature na zaune a bakinsa yana shan shayi. Yanzu ana samunsa a manyan kasuwanninmu, sabo da na gwanjo. Ba zan ce ba shi da amfani ba. Yana da ƙasa a ɗinke, saboda haka kunama da maciji ba sa samun hanya cikin sauƙi, yana da raga da ke tare sauro, kuma in ka ja zif ka rufe, ka samu sirri. Ɗalibi mai yawon buɗe ido a Yankari ko tsaunukan Jos, ko ma'aikacin da aiki ke kai shi daji shi kaɗai, tanti ya dace da shi.

Amma magidanci mai mata da 'ya'ya shida, ina ba shi shawara ya dakata tukuna. In ka ga an rubuta a jikin jakar tanti cewa na mutum huɗu ne, to ana nufin mutum huɗu kwance kafaɗa da kafaɗa, ba kaya, ba tukunya, ba wurin juyi. Masu arhar cikinsu yadi ɗaya ne tak ba rufi na biyu, numfashin mutanen da ke ciki sai ya taru a jikin yadin ya riƙa ɗigo musu, ka tashi da safe a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Sandunansu sirara ne, in guda ta tsage shi ke nan tanti ya zama tsumma, kuma ba maƙeri ko kafinta a ƙauye da zai gyara maka ita. Zif ɗin kuwa ƙurar hunturu ce ajalinsa. Da rana ta ɗaga, cikinsa ba ya zaunuwa saboda zafi. Wanda duk ya nace sai tanti, ya nemi mai rufi biyu, ya juya cikinsa ya duba ko an bi bakin ɗinki da wani siririn manne mai hana yoyo, ya kuma karanta lambar da ake rubutawa ta jure ruwa. In ba ta kai milimita 1,500 ba, wannan na inuwa ne, ba na damina ba.

Babban tanti kuma, irin wanda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa iyalai, yana da kyau ƙwarai, amma nauyinsa ya haura kilo 50. Wa zai ɗauke shi a ka, ruwa na kawo masa iya ƙugu, ga goyo ga tsohuwa? Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fara yi wa kansa kafin ya zaro kuɗi: wa zai ɗauki abin nan, kuma wa zai kafa shi cikin duhu in maigida ba ya nan? Mafakar da uwargida da babban ɗanta ba za su iya ɗauka su kafa su biyu ba, ba mafakar gaggawa ba ce.

Shi ya sa ni dai a nawa ra'ayin, tamfol ne kan gaba. Ba ni kaɗai na ga haka ba. Ƙungiyar Red Cross ta duniya, in bala'i ya auku, kayan mafakar da take fara miƙa wa iyali tamfol biyu ne, kowanne mita 4 a mita 6, tare da igiya da ƙusoshi da 'yan kayan aiki irin su guduma da zarto da adda da fartanya. Akwai lissafi a ciki. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ta ce kowane mutum yana bukatar aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi. Iyali mai mutum shida ke nan suna bukatar 21. Tamfol guda a shimfiɗe 24 ne, amma da zarar ka ɗaga tsakiyarsa ka karkata gefensa don ruwa ya gangara, filin da yake rufewa ya ragu. Na biyun shi zai zama bango, ko shimfiɗa, ko labule. Nauyin kowanne bai wuce kilo 5 ba, yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta ɗora shi a ka ta yi tafiya.

Kuma tamfol ba ya zaman banza yana jiran masifa. Manomi zai shanya shinkafa da riɗi a kansa, a yi rumfar suna da shi, a rufe buhunan masara. Gidaje da yawa ma suna da shi, abin da ya rage kawai a san inda yake, kada ranar da ake nemansa a ce yana gona ko maƙwabci ya ara.

Sai dai tamfol suna suka tara, kuma a nan ne ake cutar mutane. Je ka rumfar masu sayarwa ka ce a warware maka, kada ka saya a naɗe. Ɗaga shi sama ka sa shi tsakaninka da rana. In kana hango hasken rana tar ta cikinsa, har kana iya ƙirga yatsunka a bayansa, ajiye. Wannan shuɗin mai sheƙi mara nauyi, wata 'yan kaɗan zai yi a ranarmu ya fara dagargajewa, ka taɓa shi ya bar maka gari a hannu. Mai kyau saƙaƙƙe ne, zarensa na ciki baƙi, an shafe shi da leda ciki da waje, yawanci fari ko ruwan toka. Baƙin zaren nan shi ke tare rana, farin bayan kuma ya mayar da zafi. Ka kama gefe ka murza tsakanin yatsu, ka kankara da farce. In ledar saman ta ɓare nan take, ruwa zai bi ta wurin. Sannan ka duba bakinsa: an ninka an ƙarfafa, ko kuwa yanka kawai aka yi aka huda? Zobban ƙarfen da ake zura igiya a ciki, ja guda da ƙarfi a gaban mai kaya. In ya ɓata rai, ka ba shi haƙuri, gara ya ɓata rai yau da kai ka kwana kana riƙe da kusurwar tamfol cikin hadari. Arha dai ba ta ado.

Akwai masu sayen tsohon tamfol ɗin babbar mota. Ƙarfi kam ba a magana, amma nauyinsa na jaki ne, ya fi dacewa da ajiya a gida. Akwai kuma masu sayen tsoffin allunan talla na leda da ake saukewa daga bakin titi, suna tare ruwa sosai, illarsu nauyi da taurin naɗi. Wanda ba shi da hali ko kaɗan, buhunan taki ko na shinkafa da aka farke aka ɗinke suna ba da inuwa, in ya samu doguwar leda mai kauri ya shimfiɗa a kansu, sai ta tare ruwa. Ba za su kai shekara ba, amma za su fitar da shi dare uku, kuma daren ukun farko su ne masu wuya, kafin hukumar agajin gaggawa ta NEMA ko hukumar jiha ko wata ƙungiya ta iso da kayan agaji.

Tamfol ba igiya, shimfiɗa ce kawai. A sa igiya mai ƙarfi kamar mita 20 zuwa 30 a cikin naɗin, da 'yar wuƙa, da irin robar nan da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita. Robar tana da wata fa'ida: in iska ta fizgi tamfol, tana miƙewa ta dawo, ba ta bari zobe ya yage. In kuma ya riga ya yage, ga dabara. Nemi ɗan dutse mai santsi kamar ƙwan zabo, sa shi ta ciki kusa da kusurwar, ka tattaro tamfol ɗin ya lulluɓe shi, ka zarge wuyan da igiya ta waje ka ja. Wannan ɗaurin ya fi zoben kamfani riƙo, kuma ba ka huda komai ba.

Wajen kafawa, mu koma makarantar makiyaya, don su ne malamanmu a wannan fanni tun kafin a ƙera leda. Bafulatanin da ke tashi da bukkarsa daga mashekari zuwa mashekari, da Buzun da matarsa ke kafa tantin fata ko na tabarmi cikin ɗan lokaci, ba ruwansu da littafin koyarwa. Ku lura, ƙofofinsu yawanci yamma suke kallo. Dalili kuwa kowa ya sani: hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas. To kai ma ka ba gabas baya. Ɗaure igiya tsakanin bishiyoyi biyu ko gwafa biyu, ka yafa tamfol a kai, ɓangaren gabas ka kai shi har ƙasa ka danne da ƙasa ko duwatsu, ɓangaren yamma ka ɗaga. Kada ka yi rufin a kwance kamar rumfar mai shayi. Ruwa zai taru a tsakiya ya yi tumbi, nauyinsa ya tsinke igiya ya juye a kan yara. Karkata shi sosai, ka ja ya yi tsam, don tamfol mai kaɗawa da iska shi ke yagewa. Daga nan ka ɗauki fartanya ka ja 'yar kwata kewaye da shi, ruwan da ya gangaro ya samu hanyar wucewa. Kakanninmu makiyaya da fatake har rigar ruwa suna da ita ta kaba, kabido, mutum ya kifa a ka ya tsuguna ruwa ya wuce ta bayansa. Rigar ruwa ta leda mai faɗi ita ce jikarta, kuma ga mai tafiya shi kaɗai a kan babur tana iya zama 'yar rumfa in ya ɗaure kusurwoyinta.

Wani abin da ake mantawa shi ne ƙasa. Mutum ya rufe sama ya kwanta a kan damshi, ƙasar nan za ta yi ta zuƙe ɗumin jikinsa har gari ya waye. Tabarmar roba ba nauyi, a naɗe ta tare da tamfol. In an samu kwali ko busasshiyar ciyawa ko kara a sa ƙarƙashinta, ya fi ƙarin bargo a sama amfani.

Sai gidan sauro. Bayan ambaliya ko'ina kududdufi ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Wannan gidan sauron mai magani da ake rabawa kyauta, wanda wasunmu suka mayar shingen lambu da ragar kaji, a ware guda a sa cikin jakar. In ka rataye shi ƙarƙashin tamfol ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, ka samu kusan duk abin da tanti zai ba ka, ga iska tana shiga.

Akwai kuma wani siririn mayafi mai ƙyalli kamar takardar alawa, wanda kuke gani a talabijin an lulluɓa wa baƙin hauren da aka tsamo daga tekun Bahar Rum. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ita ta samar da shi a 1964. A naɗe bai fi tafin hannu ba, aikinsa ya mayar wa mutum ɗumin jikinsa ya kuma tare iska. In kun samu, ku sa biyu ko uku saboda yara. Amma kada a yaudare ku da sunan tantin gaggawa da ake lanƙaya masa. Yana yagewa da ƙaya ɗaya, gumi na taruwa a cikinsa, kuma ba ya hana ƙasa sanyaya mutum. A cire wa yaro jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi da busasshen zane, sannan a yafa masa mai ƙyallin a sama.

Iyaye mata suna da wata bukata da mu maza kan tsallake in muna lissafi, ita ce sutura. Matar da ke shayarwa, budurwar da take son canza zane, tsohuwar da ba ta iya nisa don kama ruwa, duk a filin makaranta cike da baƙin maza. Tamfol na biyun nan ko zannuwa biyu da 'yar igiya sun isa a yi labule. Maigida, kafin ka rufe jakar, kira uwargida ta duba abin da ka manta.

Bari in juya ga matafiya, musamman direbobi da fasinjojin hanyar Agadas zuwa Dirku ko Arlit. Can ba ruwa ne abokin gaba ba, rana ce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, akasarinsu mata da yara. Ƙishirwa ta kashe su. Inuwa ba ta maye gurbin ruwa, amma tana rage gumi, ruwan jarka ya ƙara kwana. In mota ta mutu a irin wannan wuri, a ɗaure tamfol a jikinta a ja shi gefe, a bar iska tana ratsawa ta ƙasa. In akwai biyu, a yi rufi bisa rufi da tazarar kamar taƙi ɗaya a tsakani, inuwar ta fi sanyi nesa ba kusa ba. A kwashe yashin sama mai zafi kafin a shimfiɗa. Turke ba ya kamawa a rairayi, sai a cika buhu da yashi a ɗaura masa igiya a binne shi. Kuma a zauna kusa da mota, don mai nema ya fi saurin hango mota da farin tamfol a kan mutum ɗaya yana tafiya. Da dare kuma, a watannin Disamba da Janairu, sanyin hamada sai bargo.

Sanyin nan shi ke kawo ni kan gargaɗin da ba na so kowa ya manta. Kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti ko tamfol da aka toshe ko'ina. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji barci mai daɗi, shi ke nan. Leda kuma ba ta shiri da wuta, narkewa take ta ɗigo a jiki. Sansanonin Borno irin su Muna da Monguno sun sha gobara, ɗaruruwan bukkoki su tafi cikin sa'a guda. Alhazan da suka manyanta za su tuna gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci fiye da mutum 300, bayanta ne Saudiyya ta sauya tantunan da waɗanda wuta ba ta ci. Naka tamfol ɗin ba irin na Mina ba ne. Murhu a waje, ta inda iska za ta kore tartsatsi, fitila kuma ta batir.

Wurin kafawa ma a duba. Ban da gindin bishiya ɗaya tilo a fili lokacin tsawa. Ban da cikin busasshen rafi ko kori, komai laushin yashinsa, don ruwan da aka yi a wani gari yana iya isowa alhali samanka tangaran. Ban da jikin katangar ƙasa da ta sha ruwa, ta kashe mutane da yawa a damina. A nemi tudu.

Saura abu guda, kuma shi ne wanda na san yawancinmu za mu yi wa ƙyuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tamfol ɗin da ba a taɓa warwarewa ba, ba ka san ko ɓera ya huda shi ba, ba ka san ko igiyar ta isa ba. Don Allah a ƙarshen makon nan, bayan la'asar, a fito da shi tsakar gida. Maigida ya koma gefe ya naɗe hannu, uwargida da yara su kafa. In sun gama, a ɗebo bokiti biyu na ruwa a sheƙa a kai, a ga inda yake yoyo da inda yake taruwa. A bar shi ya bushe sarai kafin a naɗe, a haɗa shi da igiya da tabarma da gidan sauro a buhu ɗaya, a rataye kusa da ƙofa inda kowa ya sani. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai na garuruwan da ke bakin kogi, ku ma ku tara ɗan abin da ya samu ku sayi ko da goma ne ku ajiye a wuri mai tudu, saboda marayu da zawarawa da ba za su iya saya ba. Ku yi shi yanzu, kafin ruwa ya sauka 'yan kasuwa su ninka kuɗinsa.